A Nan da Lamba Ake Sayen Ƙarfe

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ko gaske ne cokula da tukwanen Ingila ba sa tsatsa. Suna yi, amma nan mai saye ya san abin da ya ɗauka.

Garin da nake zaune, Shefild, nan ne Harry Brearley ya narko ƙarfe mara tsatsa a 1913, yana neman wanda bututun bindiga zai daɗe da shi. Sirrin yana ga kuromiyam, wani nau'in ƙarfe da ake haɗawa a cikinsa. In ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, sai ya haɗu da iska ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani, ko an karce ta, da kanta take sake rufewa.

Ranar da na fara sayen cokali, na juya bayansa na ga an buga 18/10, wato kuromiyam kashi 18 cikin ɗari, nikel (shi ma wani ƙarfe ne) kashi 10. Na kusa da shi 18/0 ne, babu nikel, ya fi araha, ya kuma fi saurin dusashewa. Wannan buga lambar shi ya burge ni. Mu a gida da ƙyalli muke saye, duk abin da ya haska silba ne, sai damina ta wuce mu ga ja-ja a gindin ƙofa mu ce an cuce mu. Nan kuwa in ka je sayen bututu ko faranti, tambayar farko ita ce lambar nau'in ƙarfen: 304 ko 316? Na 304 shi ne na kicin da wurin wanke-wanke. Na 316 an ƙara masa wani ƙarfe, molibdinam, kashi 2 zuwa 3, shi ake sa wa jirgin ruwa da gidajen bakin teku, don gishiri yana huda na 304 ƙananan ramuka.

Kada ka dogara da mayen ƙarfe kaɗai wajen gwada ko ƙarfe mara tsatsa ne. Yawanci ba ya kama 304, amma yana kama wuƙa mai kyau, ita ma mara tsatsa ce.

Ni kaina sai da na ɓata tukunya ɗaya. Na bar ruwan bilic ya kwana a ciki, na kuma goge da soson baƙin ƙarfe, kwana biyu sai ga ɗigo-ɗigon tsatsa. Raina ya ɓaci sosai.

Don haka in za ka ba mai walda aikin ƙofa, ka sa ya faɗa maka lambar ƙarfen, har da ta sandar waldar da zai haɗa shi da ita.