Mun je ɗaukar hoton giwaye a Mole, ga yadda fakej ɗin yake

Duk mai son hoton giwa a Gana dai Mole zai nufa, shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar, tun 1971 yake gandun ƙasa. Mu mun bi ta wani kamfanin yawon buɗe ido ne na nan Kumasi, ni da wasu 'yan uwa masu ɗaukar hoton biki daga Aboabo da Asawase, wai fakej na musamman don masu kyamara. Suna kam ba zan kama ba.

Hanya ba laifi, Techiman, Kintampo, Buipe, a Fufulso ka karkata zuwa Damongo sai Larabanga, kusan yini guda ne a mota, direban kuma mutumin kirki yana tsaya mana sallah ba sai mun roƙa ba.

To abin da ya ci kuɗinsa wallahi shi ne tafiyar ƙafa ta safe. Ƙarfe 7 ake fita da renja, wato ma'aikacin gandun, mai bindiga, kuma dole takalmi rufaffe, ɗaya daga cikinmu ya zo da silifas sai da ya nemi but. Renjan namu ba mai surutu ba ne, sai ka ga ya tsaya ya taka kashin giwa da ƙafa ya ce wannan na yau ne, ya ɗebi ƙura ya saki ya ga inda iska ke bi sannan ya zagaya da mu ta inda giwayen ba za su ji warinmu ba. Haka muka iske su a bakin tafki. Giwa idan ta fito daga ruwa baƙa ƙirin take, sai ta ɗebi jar ƙasa da haure... a'a da hanci, ta watsa a gadon bayanta, ƙurar nan ta tashi rana na bayanta, kai jama'a! Anan ne na gane amfanin tafiya a ƙasa, don kana durƙushe kyamara na daidai ƙirjinta, girmanta ya fito a hoto. A zagayen da ake yi da motar jif kuwa saman rufi ake zama, daga sama kake ɗaukar hoto, mota na girgiza, rabin hotunan duk sun yi dishi-dishi. Jif ɗin yana kai ka nesa dai, can muka ga gwanki da kanki, amma don hoto ni ƙafa zan zaɓa.

Inda 'yan kamfanin suka ɓata min rai, a talla sun ce za a haɗa mu da ƙwararren mai hoton namun daji ya riƙa nuna mana saiti. Babu shi babu dalilinsa. Muka tambaya aka ce ai yana da uzuri, kuɗin kuma ba a rage ko sidi ɗaya ba. Mu da muka saba da amarya da ango suna tsaye suna murmushi, dabbar daji irin su mariya kuma ba ta jiran kowa, da kanmu muka lalubo cewa shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, sai ta kai 1/1000 na daƙiƙa in dabba na gudu. Lensi kuma in bai kai 300mm ba kar ma ka wahalar da kanka da tsuntsaye, alhali sun fi iri 300 a dajin, renja kuma ba zai bari ka matsa kusa da giwa don lensinka gajere ne ba.

Haka nan zakin da suka manna a fosta, ku manta da shi, ma'aikatan wurin ma dariya suka yi. Gadu da gwaggon biri kuwa har ƙofar ɗaki, birin nan in ka ajiye leda ka juya shikenan ta zama tasa.

Lokaci mafi kyau rani ne, Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe dabbobi na taruwa wurin ruwa, sai dai hazon hunturu yana sa hoto ya yi fari-fari kuma ƙura na shiga kyamara, kar ka riƙa canza lensi a fili. Ka zo da batir biyu da katin Gana ɗinka na shaidar ɗan ƙasa don kuɗin shiga na ɗan ƙasa ya fi sauƙi. Masallacin Larabanga na kan hanya, a tsaya a gani.

Ni in zan koma ba ruwana da fakej, mota zan shiga zuwa Damongo, in ƙarasa Mole in biya renja a ofishinsu, da awa ake lissafi. Kuma dan Allah kar a sa shuɗi ko baƙin kaya, tsando su yake bi, cizonsa har ta cikin riga.