Kafin ka sayi gwangwanin ƙarin ƙarfi: shawara ga 'yan tseren Jos da suka manyanta

Duk wanda ya haura arba'in kuma yana zagaya filin wasa na Rwang Pam da sassafe ya san halin da ake ciki. A da, ka yi atisaye mai zafi ran Litinin, Talata ka tashi garau. Yanzu tsamin jiki sai ya kai ka Laraba, agara tana ja, gwiwa tana ƙara in za ka sauko daga bene. Nan ne abokin gudu zai matso ya ce, "Yaya, akwai wani gari da nake sha." A gasar manya ta duniya daga shekara 35 ake fara lissafa mutum, kuma masu sayar da waɗannan kaya sun san mu sarai.

Garin furotin, wato sinadarin gina jiki, ne aka fi tallatawa. Gaskiya ne tsokar mai shekaru ba ta karɓar furotin da sauƙi kamar ta saurayi, don haka muna bukatar ƙari: mai atisaye sosai, wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman kusan giram 110. Sai dai ka yi lissafi kafin ka zaro kuɗi. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, ludayi ɗaya na garin kuwa giram 20 zuwa 25, wato ƙwai huɗu. Raba kuɗin gwangwanin da yawan ludayin da ke ciki, ka gwada da kuɗin ƙwai huɗu a kasuwar Taminus. Ga awara, ga kindirmo, ga wake da busasshen kifi. Ni ban ga mai bukatar garin ba sai wanda daga fili ofis yake wucewa bai karya ba, ko wanda ci ya ragu masa. Idan nono yana ɓata maka ciki, nemi garin furotin na waken suya, ba na nono ba.

Wanda na fi yarda da shi shi ne kiriyatin, kuma mai sauƙin kuɗin, wanda aka rubuta creatine monohydrate a jikinsa ba tare da wani haɗi ba. Giram 3 zuwa 5 a rana ya wadatar. Amfaninsa ya fi fitowa ga mai gajeren gudu, mai tsalle, da mai jifan mashi ko dalma, musamman in yana ɗaga ƙarfe, domin aikinsa taimaka wa tsoka ta maido da kuzari tsakanin yunƙuri da yunƙuri. Mai dogon zango ya sani sikeli kan nuna ƙarin kilo ɗaya ko biyu na ruwa a farko. Mai ciwon ƙoda, ko wanda ya daɗe da hawan jini ko ciwon suga, kada ya taɓa sai ya ga likita. Ran gwajin jini ma ka faɗa cewa kana sha, don yana iya ɗaga awon da ake duba ƙoda da shi.

Na gaɓoɓi, irin su gulukosamin, manyan gwaje-gwaje ba su nuna wani abin a zo a gani ba. Na sha wata uku, gwiwar ba ta canja ba. Abin da ya taimake ni rage gudu a kan kwalta da ƙarfafa cinya. Ƙwayar ƙarin jini da bitamin D kuwa gwaji ne zai ce kana bukata. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar ƙarin jini idan ya yi yawa taruwa yake a hanta.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne haɗe-haɗen "sha ka tashi" da jiƙe-jiƙen da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Wasu cike suke da sinadarin hana barci, ga mai hawan jini kuwa wannan wasa da rai ne. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya, ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024, kuma a dokarta abin da aka samu a jikinka naka ne, ko da ba ka san ka sha ba. Haka haɗiyar diklofenak kafin gudu don danne zafi: yana cin ciki, yana wahalar da ƙoda, balle a hunturun Jos da ƙishirwa ba ta damun mutum amma jiki na bushewa.

A kanti, duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da hatimin murfi. Lambar ba ta nufin babu haramtaccen sinadarin wasanni a ciki. Mai shiga gasa ya nemi tambarin Informed Sport, wanda ke nuna an gwada kayan don gano irin wannan sinadari. Wanda aka ɗura a leda ana aunawa da cokali, bar musu kayansu.

Nawa tsarin yanzu: kiret ɗin ƙwai, kindirmo bayan atisaye, ƙaramin gwangwanin kiriyatin da ke kai ni wata biyu, kwana biyu tsakanin atisaye mai zafi da na gaba, sannan in kwanta da wuri bayan isha'i.