Orlando da yara uku: kuɗin tsallake layi ko kuɗin kayan wasa?

Maman Amira, tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama don amsar tana da tsawo. Kin ce za ku wuraren wasa na Orlando da ke jihar Florida ta Amurka a hutun watan Agusta, ke da maigida da yara uku, babbar mai shekara 13, na tsakiya mai 9, auta mai 5, kwana biyu a Disney, kwana biyu a Universal. Tikitin shiga an riga an saya. Abin da ya rage a hannu ba zai ɗauki kuɗin tsallake layi da na kayan wasan nan masu motsa abubuwa duka biyun ba, shi ne kike tambaya wanne za a haƙura da shi.

A ganina wuraren biyu ba magani ɗaya suke sha ba. A Disney ki zuba kuɗin a layi, ki manta da abin wasansu na ɗaurawa a hannu. A Universal ki juya: ki saya wa yara sandar wasan Harry Potter, layin kuma a yi masa dabara.

Kafin komai, duk wanda ya zo miki da shawarar Disney, ki fara tambayarsa wace shekara ya je. A 1999 suka fito da FastPass, 'yar takarda ce kyauta da ake cira a na'ura a dawo a lokacin da aka rubuta a bi ta gajeren layi. Daga baya tsarin ya koma na manhaja, annobar korona ta tafi da shi a 2020, a watan Oktoban 2021 aka kawo Genie+ na kuɗi, shi ma aka ajiye shi a watan Yulin 2024 aka kawo wanda ake ciki yanzu, Lightning Lane. Har gobe za ki ji mai cewa ai kyauta ne. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ta tsufa.

Abin da Disney ke sayar miki lokaci ne, kamar katin ganin likita. Babban kunshin shi ne Multi Pass. A manhajar My Disney Experience kike zaɓen lilo uku tun kafin ranar, kowanne a ba ki tazarar awa guda, a ce daga 10:15 zuwa 11:15, ki je a cikinta ki bi ta gajeren layi. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana fara zaɓe saura kwana 7, na waje saura kwana 3, kuma ƙarfe 7 na safe agogon Florida ake buɗewa, wato 12 na rana a Najeriya da Nijar a watan Agusta. Wannan ratar ta kwana huɗu ba wasa ba ce, don lokutan safe na lilon da ake rububi su ne ke fara ƙarewa. Ga wani abin da ya shafe mu: lokacin da aka fito da tsarin a 2024, an ce wanda ke wajen Amurka da Kanada sai ya shigo ƙasar zai iya saya. Don haka ki sauke manhajar tun kina gida, ki haɗa tikitin kowa a ciki, ki gwada ki gani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Magic Kingdom da EPCOT da Hollywood Studios, uku daga manyan wuraren wasan Disney huɗu na can, an kasa lilon gida biyu, ɗaya kawai za ki ɗauka daga rukunin manya, biyu daga ƙanana. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ɗauka uku ne iyakar rabonsu na yini. Ai da zarar kin shiga na farko kin samu damar ƙara wani, haka za ki yi ta yi ɗaya bayan ɗaya har a tashi, kuma ƙa'idar rukunin ta faɗi. Shi ya sa nake sa na farkona da sassafe, ko da lilon bai dame ni ba. A bakin layin akwai wani ɗan turke mai zanen kan Mickey, ki ɗora kati ko waya, in ya kawo kore kin wuce, in ya kawo shuɗi akwai gyara, ma'aikaci zai duba. Ni dai yana yin kore nake miƙa wa maigida hannun yaro, in sunkuyar da kai a waya ina neman na gaba, muna tafe ina tuntuɓe da ƙafafun mutane. Wannan ne aibin tsarin: mutum ɗaya a gidan zai wuni yana aikin akawu, batirin wayarsa na zuba. Ki tafi da abin cajin tafi-da-gidanka.

Kuɗin yana hawa yana sauka gwargwadon rana da wurin, wajen dala 15 zuwa 45 kan mutum ɗaya, Magic Kingdom ya fi tsada. Ki ƙaddara dala 30 ne, ku biyar 150 ke nan a yini. Sannan akwai lilo biyar da aka ware daga kunshin, kowanne da kuɗinsa daban da sunan Single Pass: TRON da Seven Dwarfs Mine Train a Magic Kingdom, Cosmic Rewind a EPCOT, Rise of the Resistance a Hollywood Studios, Flight of Passage a Animal Kingdom. Biyu kawai ake iya saya a yini. Akwai kuma Premier Pass da aka fito da shi a ƙarshen 2024, mai kai wa dala 449 kan mutum ɗaya. Wannan na manya ne, mu wuce.

Kada ki sayi Single Pass ko ɗaya sai kin jingina auta da bango, da takalminsa, kin auna tsayinsa. Seven Dwarfs yana son santimita 97, Rise of the Resistance 102, Flight of Passage 112, TRON 122. A bakin ƙofa ake sake aunawa, ba a kuma jin roƙo. In bai kai ba akwai tsarin karɓa-karɓa kyauta, Rider Switch: maigida ya shiga da manyan ke ki tsaya da auta, in sun fito ki shiga ba tare da kin sake bin dogon layi ba. Universal ma suna da irinsa, har da ɗakin jira.

Na Universal kuwa, Express Pass, ba ruwansa da agogo. Babu zaɓe, babu tashin ƙarfe 7, kin ga lilo ya yi miki sai ki nuna tikiti ki bi ta gajeriyar hanya. Iri biyu ne, mai ba ki kowane lilo sau ɗaya da wanda ba iyaka. Ya fi na Disney daɗi nesa ba kusa ba, amma daɗin nan da kuɗinsa. Yakan haura dala 100 kan mutum ɗaya, ranakun cunkoso ya ninka, ku biyar an wuce 500 a yini ɗaya tun ba a sha ko ruwa ba. Kuma ba kowane lilo ke karɓarsa ba. Ga auta ma rabin kuɗin asara ne, don lilon VelociCoaster santimita 130 yake nema, Hulk 137.

Ƙofar baya ɗaya na sani mai kyau. Otal uku na Universal, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda aka rubuta sunansa a ɗaki Express marar iyaka a cikin kuɗin ɗakin, ranar shiga da ranar fita duka. Kwana ɗaya ke nan ya ba ku yini biyu. Ki ɗauki biro ki kwatanta kuɗin ɗakin da na Express biyar sau biyu, sau da yawa ɗakin ya fi araha. Sai dai a tsofaffin wurarensu biyu, Universal Studios Florida da Islands of Adventure, yake aiki, bai kai Epic Universe ba, sabon wurin da aka buɗe ranar 22 ga Mayun 2025. In wannan ma ya yi nauyi, sammako ya wadatar: ku tsaya a bakin ƙofa kafin a buɗe, ku fara da lilon da ya fi jama'a, babbar yarinyar kuma ta riƙa bin layin masu shiga su kaɗai inda ake da shi, ana cike gurbi da su. Da rana tsaka, lokacin da layi ya kumbura, sai a koma wasan sanda, ga shi a Agusta hadarin la'asar na Florida yakan sa a dakatar da lilon da ke fili.

To, kayan wasan. MagicBand+ na Disney, wanda ya fito a Yulin 2022, abin ɗaurawa a hannu ne kamar agogo, daga dala 35. Yana zama tikitin shiga, da abin taɓa turken layi, da makullin ɗaki ga na otal ɗinsu. Duk wannan kati ko wayarki za su yi ba ko sisi. Wasan da ke cikinsa kaɗan ne: akwai mutum-mutumi masu ruwan zinariya da aka kafa don cikar wurin shekara 50 a 2021, in yaro ya ɗaga musu hannu sai su yi magana ko kiɗa, yana walƙiya lokacin wasan wuta na dare, akwai kuma farautar ɓoyayyun mutane a sashen fim ɗin Star Wars, Galaxy's Edge. Yana da kyau, amma minti goma yaro ya gama mamaki. Sai an yi masa caji kuma. Namu a daren farko na manta, gari ya waye babu walƙiya babu motsi, ya koma katin shiga mai tsada. Ku biyar dala 175, kuɗin Multi Pass na yini guda ke nan har da canji. Inda Disney ke da abin wasa na gaske shi ne wurin harhaɗa ɗan mutum-mutumin inji da wurin ƙera takobin haske, duka a Galaxy's Edge, amma na farkon ya haura dala 100, na biyun ya haura 200. In kun shiga Galaxy's Edge ki riƙe hannun ɗan shekara 9 da kyau.

Sandar Universal wani abu ne daban, don in babu ita rabin abin da aka gina a sashen Harry Potter kallo kawai za ku yi. Tun 2014, da aka buɗe Diagon Alley, ɗaya daga sassan Harry Potter ɗin, ake sayar da ita. Na san wata za ta ce sandar me kuma, muna zaman zamanmu. Babu tsafi babu aljani: a bakin sandar akwai ɗan ƙwallo mai mayar da haske, a cikin tagar shago kuma an ɓoye kyamara mai bin motsinsa, in zanen ya yi daidai sai kwamfuta ta kunna abin. Tsohon samfurin ko batir ba shi da shi. Ana haɗo ta da taswira, a ƙasa kuma an dasa faranti na tagulla, kowanne da zanen yadda za a juya hannu da kibiyar inda za a fuskanta.

Ɗana ya tsaya a kan na gaban wata lema, ya dinga wurga hannu tun daga kafaɗa kamar mai korar kaji, sau shida ko bakwai, shiru. Layin yara ya taru a bayansa, ido ya fara kawo ruwa. Wata ma'aikaciya mai doguwar riga ta zo ta durƙusa, ta dafe masa gwiwar hannu a jikinsa, ta nuna masa da wuyan hannu kawai ake yi, a hankali, zanen bai wuce faɗin tafin hannu ba. Yana yi sai ruwa ya ɓarke daga lemar ya jiƙa wani bawan Allah da ke tsaye yana cin askirim. Ranar awa biyu da rabi muka yi a lungunan nan, ba wanda ya tambayi lilo. Ki kai su Knockturn Alley da ke cikin Diagon Alley, lungu ne mai duhu da sanyi, a ƙarƙashin fitilarsa wasu ɓoyayyun rubutu ke fitowa a jikin taswirar, ke kuma ki samu ki huta da zafin rana.

Tsohon samfurin dala 60 da 'yan kai ne, sabon da ya fito a 2025 mai haske da girgiza ya fi shi da wajen dala 20. Tsohon ya ishe ku. Sandar ba ta san mai ita ba, kowa ya riƙe za ta yi, don haka biyu sun wadatar da yara uku, auta ya riƙa karɓar aro, dama sai an riƙe masa hannu. Tana aiki a sassan Harry Potter uku: Hogsmeade da Diagon Alley da sabon sashen da ke Epic Universe. Ki lura dai, Hogsmeade na Islands of Adventure, Diagon Alley na Universal Studios, jirgin ƙasan da ke haɗa su sai mai tikitin shiga wuri biyu a yini ɗaya.

Power-Up Band, abin ɗaurawa a hannu na Super Nintendo World, sashen wasan Mario, shi ne na uku, kuma kafin ki yi wa yara alkawarinsa ki duba ko tikitinku ya haɗa da Epic Universe, don a Orlando can kaɗai yake. Dala 40 da 'yan kai ne, ba a yi masa caji. Yaro na naushin tubalan nan masu alamar tambaya daga ƙasa yana tara sulalla, yana buga ƙananan wasanni yana cin makulli, sai ya haɗa uku a bar shi ya shiga karawar ƙarshe da Bowser Jr., abokin gabar Mario. A nan aro ba ya daɗi, don makin abin hannun yake bi, duk wanda ya ci na mai shi ne, kin san kuwa abin da zai biyo baya tsakanin wa da ƙani. In na tsakiyan mai buga Mario ne a gida, ki saya masa nasa shi kaɗai ki rage sanda ɗaya. Kowane wasan makulli da ɗan layinsa cikin zafin rana, Express ba ya aiki a kansu, gara a fara da su da safe.

Da ni ce ke da wannan kuɗin, Multi Pass zan saya na Magic Kingdom da Hollywood Studios, in ƙara Single Pass ɗaya na Rise of the Resistance in auta ya kai tsayi. A Universal sanda biyu, sannan in zauna da maigida mu yi lissafin kwana ɗaya a Royal Pacific. Ki bar ɗan rara a lissafin, don farashin da ke jikin kaya a can bai haɗa da haraji ba, sai a wurin biya ake ɗora shi. Kwalin sandar kuma kada a yar, shi zai hana ta karyewa a akwati ranar dawowa.