Wata takwas da injin yanka da kwaɓi: capati ya yi, garam masala bai yi ba

Na koyi girkin Indiya ne lokacin da na yi jinyar Hajiyarmu a birnin Haidarabad na Indiya, wajen matar mai gidan da muka kama haya. Ita da hannu take kwaɓa capati, wato siririyar gurasarsu ta alkama da ake gasawa a kasko, safe da yamma, ko a jikinta. Ni kuwa da na dawo gida na gwada, sai wuyan hannuna ya ce bai san zancen ba. Abin da ya sa na sayi injin nan ke nan, mai faffaɗan kwano da wuƙa biyu, ta ƙarfe da ta roba.

Wajen kwaɓi ya biya kuɗinsa. Kofi 2 na garin alkama mai laushi, wanda su suke kira atta, gishiri kaɗan, mai cokali ɗaya. Sai in kunna, ina tsiyaya ruwan ɗumi ta bututun murfi. Kafin minti ɗaya kwaɓin ya dunƙule yana zagaya kwanon yana bugun gefe. Da zarar ya dunƙule sai a kashe, don in aka bar shi yana juyawa zafi yake ɗauka, capatin ya fito kamar fatar ganga. Ina rufe shi ya huta minti 30, in murza, in ɗora a busasshen kasko mai zafi. Ranar da na farko ya kumbura kamar balan-balan sai da na kira yara suka gani.

Albasa ce ta ba ni kunya da farko, kuma laifina ne. Miyar kori kan soyayyiyar albasa take tsayawa, sai ta yi ja sosai kafin a zuba citta da tafarnuwa, tumatir da kurkur. Na danna injin na bar shi, albasar ta koma ruwa, ta ƙi soyuwa, ga ɗaci-ɗaci. Yanzu dannawa nake ina saki, sau bakwai ko takwas, ta fito ƙanana-ƙanana.

Inda ya gaza shi ne busasshen kayan ƙamshi. Na zuba kirfa, kanumfari da masoro zan haɗa garam masala, wato garin haɗaɗɗen kayan ƙamshinsu, suka yi ta tsalle a kwanon, wuƙar ba ta cim musu, har kirfar ta kakkarce robar kwanon. Ashe shi ya sa matan Indiya suke da ƙaramin kofin ƙarfe a injin niƙansu na musamman don wannan aiki. Na koma wa turmina da rariya. Haka ma citta da tafarnuwa in kaɗan ne, manne wa gefe suke yi, sai dai a markaɗa na mako guda a sa a firji.

Wankinsa ma akwai aiki, kwaɓi yana shigewa ƙarƙashin wuƙa, kurkur kuma ya rina murfin rawaya har yau. In capati ko farata (ɗan'uwan capati da ake gasawa da mai) kike yi sau biyu ko uku a mako, ki saya. In miya kaɗai ce, injin markaɗenki ya ishe ki.