Gwajin haɗiya da aka yi ma Babanmu a Yamai

Salam ƴan uwa. Tun da hawan jini ya kada Baba ɓarin jikinshi na dama ya shanye, abinci ya zama abin tsoro a gidanmu. Ko ruwa ya kurɓa sai tari har idanunshi su yi ja, sau biyu ana kwantar da shi a Tawa da ciwon huhu mu kuma muna cewa sanyi ne. Daga baya aka tura mu Yamai, muka bi ta Konni da Dosso da tsoho a mota, wallahi ya sha wuya.

Matar da ta duba shi, ortofonis suke ce mata, wato mai duba matsalar magana da haɗiya, ba ta fara da abinci ba. Ta zaunar da shi tsaye cak, ta ce ya yi tari, ya haɗiye yawu, ta ɗora yatsu a maƙogwaronshi tana jin ko yana hawa sama. Sannan ta ba shi rabin ƙaramin cokali na abu mai kauri ta ce "Baba ce aaa". Lafiya lau. Da aka zo kan ruwa kuwa muryarshi ta koma kamar mai kurkure baki, nan ta tsaya. Ta ce ruwa ya fi saurin zarcewa hanyar numfashi, kuma wasu tsofaffin ko tari ba sa yi, abin sai ya gangara huhu shiru. Jikina ya yi sanyi, don ni ce ke ɗura mishi ruwa yana kwance.

Ta leƙa kuncinshi na dama ta ciro saura da ya maƙale. Ta hana hura mai gudaji, dambu da kilishi, ta ce kunu ya yi kaurin da zai zauna a cokali amma in an karkata ya zame, tuwo a dama shi da miyar kuka ya yi laushi. Ta ce ya zauna minti 30 bayan ci, a wanke mishi baki, kuma kar mu daka magani sai mun tambaya.

Abin da bai min daɗi ba, mun jira randebu kusan sati biyu, takardar bayanin abincin kuma da Faransanci aka rubuta, Inna ce ke ba shi abinci ba ta iya karantawa, sai da na yi mata bayani a vokal. Garin da ake zubawa a ruwa ya yi kauri na farmasi ma tsada gare shi.

Amma alhamdulillah wata uku ke nan bai yi zazzaɓi ba, jiya ya cinye kwanon kununshi da hannun hagu. Wata mai zuwa za mu koma a sake gwada ruwan.