Nikon D3500: shekara guda da kyamarata ta farko

Bikin 'yar yayata a Tudun Wadan Kaduna ne ya sa na fara neman kyamara. Ranar sa lalle, mai hoton da aka ɗauko namiji ne, dole ya tsaya a zaure, mu kuma muna cikin ɗaki muna fama da wayoyi. Lokacin da kakarmu ta kama hannun amarya tana shafa mata lalle tana sa albarka, mu huɗu muka ɗauki hoton, babu ɗaya da ya fito. Duk dishi-dishi. Abin ya tsaya min a rai har na ɗauki adashi, na nufi wani shago a titin Ahmadu Bello tare da Yaya.

Mai shagon ya fito mana da uku, duk na hannu: Canon 2000D, Sony A6000 da Nikon D3500. Sony ce ta fara ɗaukar idona saboda ƙanƙanta. Yaya ya ce, "Ke da wuta ke kwana biyu ba ta leƙo unguwarku ba, tambayi batir tukuna." A lissafin kamfanonin, Sony ba ta kai hoto 400 a caji ɗaya, Canon tana yin kusan 500, Nikon kuwa 1,550. Nan maganar ta ƙare. Kuma na gani da idona: na taɓa yin kamu, walima da kai amarya, kwana uku, ban nemi caja ba.

A 2018 aka fitar da ita, kuma an daina ƙera ta, don haka galibi ta hannu za ki samu. Kafin ki biya, ki sa a duba miki adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ki ɗauki hoton farar takarda ki ga ko akwai tabo. Nauyinta da batir gram 415 ne, tana shiga jakar hannuna, ba ta gajiyar da wuya ƙarƙashin mayafi. Megafiksel 24 gare ta, ya isa a wanke hoto babba na bango.

Inda na so in yi nadama shi ne satin farko. Idon da take zuwa da shi, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, 18-55, a waje ba shi da laifi. Na je Gamji da yamma na ɗauki gadar Lugard da bakin kogi, har na riƙa nuna wa mutane. Amma da na shiga ɗakin mai jego ranar suna, labule a sake, ƙwai ɗaya a sama, sai ga irin dishi-dishin da na gudo. Na ɗauka an cuce ni. Wani dattijon mai hoto a unguwarmu ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "'Yata, kyamararki lafiya lau, idon ne ba ya shan haske." Shi ya sa na sayi 35mm f/1.8. Wannan idon yana buɗewa sosai, haske ya shiga ninki-ninki, fuska ta fito tas, tarkacen bayan ɗaki su narke. Zanen lalle a yatsa, ɗinkin bakin leshi, hawayen amarya, duk yana kamawa ba tare da na haska wa kowa filasha a ido ba. Tun ranar da na ɗaura shi, da wuya in cire. Da zan sake, da kuɗinsa zan fara warewa kafin in yi cinikin kyamarar. Sai dai a kula, in za a sayi ido na hannu a nemi mai rubutun AF-S ko AF-P, don tsofaffin ba sa saita kansu a jikinta.

Tana da nakasu, ba zan ɓoye ba. Ba ta da ramin makirfo, sikirin ɗinta ba ya juyawa, ba a latsa shi da yatsa. Mai son bidiyon Instagram ko TikTok ta nemi wata. Wuraren da take saita hoto da su don ya fito tas 11 ne kacal, ni na tsakiya kawai nake yarda da shi a duhu. Sannan ba ta karkaɗe ƙurar cikinta da kanta, wanda a Kaduna ba ƙaramin abu ba ne. Cikin hunturu na canza ido a waje, iska na kaɗawa, daga nan duk hoton da sama ta fito sai ɗigo uku baƙaƙe, sai da na biya aka goge. Yanzu a ɗaki nake canzawa, bakinta na kallon ƙasa, kuma 'yar robar hura iska ba ta barin jakata.

Abin da matan biki suka fi so kuwa, tana tura ƙananan hotuna zuwa waya ta Bluetooth. Kafin a gama raba shinkafa, uwar amarya ta samu nata a WhatsApp. Ta haka aka fara cewa, "A kira yarinyar nan mai hoto, ita tana shiga har uwar ɗaka." Asabar mai zuwa ina da suna a Kawo, da kuɗin zan cike na filasha saboda taron dare.