Na kai ɓeran masar wurin likitan dabbobi a Yamai, ga yadda muka kwashe

Ɓeran masar ɗin na 'yata ne, amma ni ke kwana da wahalarsa. Tun bayan ƙaramar salla ya fara ɗaukar karoti yana yarwa, haɓarsa kullum sharkaf da yawu. Na aza shi kan sikelin da nake awon fulawa, daga giram 950 ya koma 720. Mai sayar mana da dusa ya ce ƙurji ne a baki, ya ba ni amoxicilline in jiƙa in ɗura masa.

Da abin ya ƙi, na ɗauke shi a kwali muka hau kabu-kabu sai asibitin dabbobi. Masu raguna na zaune a benci, wani dattijo ya leƙa kwalin ya ce, "Hajiya, yau kuma ɓera aka kawo ganin likita?" Na zaci shi ma likitan dariyar zai yi mini.

Bai yi ba. Yana ganin takardar maganin ya dafe kai. "Hajiya, kwana nawa kina ba shi wannan?" Na ce biyu. Ya ce in gode wa Allah, domin dangin penisilin irin wannan suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa a hanjin ɓeran masar, sai gudawa, sai mutuwa. Jikina ya yi sanyi. Daga nan ya kama yatsana ya ɗora ƙarƙashin muƙamuƙin hagu, na ji wani abu kamar ƙwayar gujiya, mai tauri kamar tsakuwa. Ya ce haƙoran dabbar nan 20 ne, kuma babu wanda ke daina tsiro har ta mutu. Huɗu na gaba kaɗai muke gani, turame 16 suna can ciki, sai an sa shi barci ake ganinsu da kyau. Na tambaya ko sai an hana shi abinci tun dare kamar mutum, ya ce a'a, ba ya amai, barinsa da yunwa ma shi ne haɗarin. Da suka buɗe bakin ya kira ni in gani da idona: turamen ƙasa sun yi tsawo sun karkato sun haɗu bisa harshe kamar gada. Ashe yunwa ke cinsa da abinci a gabansa. Ya goge turamen ya rage musu tsawo, sannan ya ɗaga hoton radiyo, wato hoton ƙashi, a taga ya nuna mini wani farin dunƙule a gindin haƙori. Ya ce ba ƙurji ba ne mai mugunya, ya fi kama da ƙarin da suke kira elodontoma, wanda sinadarin haƙori ke taruwa ya cure a saiwa. Bai yi mini ƙaryar sani ba, ya ce tabbaci sai da sikana, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ko an yanki ɗan yanki an kai labo, ɗakin gwaje-gwaje. Wallahi a lokacin, ko nawa ya ce zan biya.

To amma bari in faɗi sauran. Hoton nan sau biyu aka ɗauka, na farko ya fito dishi-dishi don yaron likitan bai daidaita kan dabbar ba, kuma duka biyun aka caje ni, jika goma-goma. Na nemi rasit, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce littafin ya ƙare. Da dare dabba ta ƙi ci, 'yata na kuka, na buga lambar da suka ba ni sau bakwai, babu wanda ya ɗauka. Maƙwabciyata mai kiwon zomaye ce ta nuna mini yadda ake ɗura da sirinji ta gefen baki. Wannan ai aikinsu ne, da minti biyu sun koya mini kafin in fita. Yanzu da nake rubutawa ma raina ya sake ɓaci.

Kullum sai na daka harawa na jiƙa, na haɗa da jan tattasai saboda bitamin C da jikinsa ba ya iya yi da kansa. Jiya sikeli ya nuna 770. Dunƙulen gindin haƙorin na nan daram, an ce in komo bayan wata guda a sake goge turamen. Zan koma don babu wani da ya san abin kamarsa, amma jika goman nan sai na tada maganarta.